Gaz ɗin gidan madara: fita ya yi ko fidda shi aka yi?

Zuwa ga Mai girma Direktan kamfanin da ya kafa mana injin sanyi a gidan madara.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalinku da duk masu aiki a ƙarƙashinku. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaishe ku da zafin bazara, ko da yake ku masu sana'ar sanyi ne, na san ba ya samunku yadda yake samunmu.

Sunana Rakiya. Ni ce ke riƙe da makullin gidan madara na ƙungiyar mata a wani ɗan gari cikin ƙasar Hawandawaki, garin da motarku ta kafe cikin rairayi ranar da aka kawo injin, sai da aka ɗaura mata shanun amalanke suka jawo ta. Ban faɗi sunanku ko na kamfaninku ba, don ba tozarci ya kawo ni ba. Na dai buɗe takardar nan kowa ya ji, saboda maganar da ta ɓata mini suna ba a ɗaki aka yi ta ba, a gindin bishiyar bedin ƙofar gidan madara aka yi ta, gaban maza da mata. Yau rabin garin nan kallon ɓarauniyar gaz suke yi mini, kuma abin da zai wanke ni yana hannunku, cikin wani ɗan akwati da ban taɓa gani da idona ba.

Ranka ya daɗe, ku bar ni in fara da abin da nake so kafin in zo ga abin da ke cina. Ina son injin nan. Ranar da aka kunna shi, wani daga cikin mutanenku ya bayyana mana cewa shi ba sanyi yake ƙerawa ba, zafi yake kwashewa daga babbar tukunyar madara ya kai shi cikin tankin ruwan da muke wanke ƙwarya da bidon, wato jarka. Mai ɗaukar zafin kuwa wani gaz ne da ke zagayawa cikin siraran tiyo na jan ƙarfe, ya je ya dawo, kamar mace tsakanin rijiya da gida. Sauran mata sun ji sun wuce, ni kuwa maganar ta zauna mini. Tun ina yarinya haka nake, innata takan ce in aka aike ni ɗebo wuta sai na tsaya kallon hayaƙi. To sai ya zama in na tsoma hannu cikin ruwan wanke-wanken nan mai ɗumi da hantsi, sai in ce a raina, wannan ɗumin na saniyar Adama ne. Daga jikinta ya fito da safe, ya biyo madara cikin ƙwarya tun daga rugga, injin ya tsame shi ya ajiye mini a nan. Adama ƙawata ce, Bafillatana, ita ta fara kawo mana madara, ita kuma ta jawo sauran matan rugga. Da na faɗa mata wannan tunanin ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to in riƙa gaishe da saniyar in na gama wanke-wanken.

Yanzu ga ƙorafina.

Na farko. Ba wanda ya faɗa mana da Hausa cewa wannan gaz ba ya ƙarewa. Mu a wurinmu gaz shi ne na butel, tulun ƙarfen nan da matan Tasawa ke girki da shi, ɗan'uwansa kuma isansi, wato fetur ɗin babur, duka biyun ƙarewa suke yi a sayo wani. Saboda haka da sanyin ya fara ja da baya, madara ta fara wayar gari da tsami, ruwan wanke-wanke ya koma ba zafi ba sanyi, injin kuma ya dinga gurnani ba hutu har ƙanƙara ta fito a jikin tiyo ɗaya, sai muka ce gaz ya ƙare. Muka kira, mutanenku suka zo da nasu butel suka cika, muka dama musu fura suka sha, suka tafi. Ba wanda ya duƙa ya nemi inda na farkon ya bi. Da abin ya sake faruwa, da wuri fiye da na baya, haka aka sake yi. Mu ba mu san aikin ba, ba laifinmu ba ne in mun ce ya ƙare. Su kuwa sun san ba ya ƙarewa, amma suka cika suka juya baya.

Na biyu, kuma nan maganar take. A zuwa na uku kun turo wani mutum dabam, mai natsuwa, sai dai ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ya maƙala agogunansa biyu a jikin injin, mai ja da mai shuɗi, ya daɗe yana kallon alluransu, ya girgiza kai, ya yi magana da Faransanci. Ranar kasuwa ce, matan rugga duk suna nan da ƙoransu. Mai fassara shi ne Malam Isufu, sakataren ƙungiyarmu, wanda ke yi mana rubutu don ya ɗan yi nisa a lakwal, makarantar boko. Ni nawa karatun na yaƙi da jahilci ne, Hausa zalla, abin da kunnena ya kama a bakin baƙon kalma ɗaya ce da ya yi ta maimaitawa, fwit. Malam Isufu ya juyo ya ce mana: "Ya ce gaz wanga ba shi ƙarewa har abada. In kun ga babu shi, to hidda shi aka yi."

Ba wanda ya kalli fuskata, idanu duk suka sauka kan haɓar zanena, inda nake ƙulle makullin. Ni a lokacin ban ma gane ba, ina can ina mamakin a ce akwai abin da ba ya ƙarewa a duniyar nan. Sai da na ga Adama ta sunkuyar da kai tana gyara faifan ƙwaryarta da ba abin da ya same shi, sannan na gane ni ake nufi. Mutuminku ya cika gaz, ya ce ta bakin Malam Isufu zai dawo da wata na'ura, ya shiga mota tun kafin la'asar. Bai san abin da ya bari a baya ba, kuma har yau ba mu sake ganinsa ba.

Ranka ya daɗe, tsakanin "ya fita" da "an fidda shi" ba wata tazara a baki, amma a tsakaninsu sunana ya faɗa. Ba na riƙe da Malam Isufu a zuciya. Mutumin kirki ne. A rediyo ya saba jin kalmar nan, in ana maganar dukiyar jama'a da ta yi ƙafa ko jarrabawar da aka sace, shi a saninsa abu ba ya yin fwit sai da hannun mutum. Abin da ya sani ya faɗa.

Daga nan gari ya ɗauka. Wasu suka ce a bidon nake ɗura shi ina kai wa masu frigo, wato firij, a Tasawa. Wasu suka ce da shi nake girki, ni da idanuna suka yi ja da hayaƙin kara, bangon madafata baƙi ƙirin kowa na gani. Wata ma ta rantse ɗakina ya fi na kowa sanyi, ta manta a gindin tsamiya yake tun zamanin mijina, Allah ya jiƙansa. Waɗannan da a kan wata mace aka faɗe su da na yi dariya. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne na Adama. Da, in ta sauke madara sai ta wuce gidana ta sha ruwa, ta miƙe ƙafa a tabarmata har rana ta yi sanyi. Yanzu daga ƙofar gidan madara take juyawa. Mu gaisa, gaisuwa cikakkiya, ta tambayi jikokina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗora ƙwarya a ka. Madararta ce ta yi ta tsami, ita ce kuma ta tsaya mini gaban sauran matan rugga tun farko, ta ce Rakiya amana ce. Na san kunyar da take ji a cikinsu, kuma wannan ya fi zagin kowa yi mini ciwo.

Na uku. Ban zauna ba. Na hau kabu-kabu har Tasawa, na yi tambaya aka nuna mini wani mai gyaran frigo a bayan tasha, Malam Laminu. Shi ya fara fassara mini kalmar daidai. Ya ce: "Inna, fwit ai yoyo ne. Rami ne ɗan mitsitsi, ko na allura ya hi shi. Wa ya ce maki ana zuba shi a bidon?" Na roƙe shi ya biyo ni ranar kasuwa ya faɗa da bakinsa, ya kuma nuna ramin. Ya zo, Allah ya saka masa da alheri. Ya kaɗa omo a kwano har ya yi kumfa, ya dinga shafawa a kowace gaɓa ta tiyo, ya ce inda yoyon yake kumfar za ta riƙa kumbura. Muka duƙa mu duka, har da tsofaffi, kamar masu duban wata. Rana ta faɗa kan kumfar ta yi launi-launi, kore da ja da rawaya, har na shagala na manta abin da ya tara mu. Iskar bazara ta busar da ita tun ba ta nuna komai ba. Ya sake shafawa, ta sake bushewa. Rabin tiyon kuma ba ya ganuwa, ya bi ta bayan tanki cikin baƙin soson da aka naɗe shi da shi, wani ya ratsa bango. A ƙarshe ya miƙe ya goge hannu ya ce: "Ban gani ba, amma wannan ba shi nuna babu." Jama'a suka ɗauki rabin farko suka tafi da shi gida, suka bar mini rabin ƙarshe. Ni da kaina na ɗauko shaida daga Tasawa, ta zo ta ƙara mini nauyi.

Na huɗu. Kafin ya koma, Malam Laminu ya zauna a gindin bedi ya ba ni labarin kayan da ake neman yoyo da su, waɗanda ya gani a Maraɗi wurin maigidan da ya koya masa aiki, shi kuma ƙarfinsa bai kai ya saya ba. Ya ce kamfani irin naku ba zai rasa su ba. Tun daga ranar kayan nan suka tare a kaina, ina daka ina ganinsu, ina tankaɗe ina ganinsu.

Akwai wadda ya kira detekter. Ya ce kaɗan ta fi tafin hannu, tana da dogon wuya mai lanƙwasa, a ƙarshensa akwai hanci. Ana bin tiyo da ita sannu a hankali, ta ƙasa-ƙasa don gaz ɗin ya fi iska nauyi, tana ɗan kuka jefi-jefi, ƙit, ƙit, in ta kusanci ramin sai kukan ya yi sauri har ya haɗe. Ba ta son iska, sai an kare wurin. Na ce masa zana ai muna da ita, ko gidan duka ake so mu kewaye. A tunanina nakan gan ta kamar ƴar zabuwa tana kiwo a gindin tanki, tana leƙa inda hannun mutum ba ya kai, tana cusa kai ƙarƙashin baƙin soso. Wani lokaci in ina zaune bayan azahar, injin na gurnaninsa, sai in ji kamar kukanta, in ɗaga kai, ashe tsuntsu ne a kan rufi.

Akwai kuma wani ruwan rini da ake zubawa ya bi gaz ɗin ya zagaya. Bayan ƴan kwanaki a rufe ƙofa da taga, a haska wata tocila mai shuɗin haske, duk inda ya tsattsafo sai ya yi ƙyalli kore shar. Wannan ina so in gani ko ba don wanke kaina ba. Akwai wadda ake sawa a kunne, ita ba ta sansana, saurare take, tana jin hucin ramin da kunnen ɗan Adam ba ya ji. In kuwa duk sun gaza, ya ce sai a kwashe abin da ya rage, a ɗura wata busasshiyar iska da ake kira azot, a rufe, a zuba wa allurar agogo ido. In ta sauka alhali ba wanda ya taɓa, to akwai rami.

Nakan kuma yi tunanin gaz ɗin kansa, inda yake zuwa. Ko yanzu da nake rubutun nan yana can yana fita a hankali, ba ƙara ba wari. Nakan ga kamar yana bin ƙasa ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya ratsa gonakin da aka share ana jiran ruwa, ya miƙe har garin Sarkin Hausa, ya tarar da wani a kan amalanke rana ta dafa shi, ya shafi ƙafarsa, mutumin ya ce alhamdulillahi bai san daga ina ba. Malam Laminu ya ce ba haka abin yake ba, iska ke kwashe shi ta yi sama da shi, ya je ya ƙara wa duniya zafi. Wannan ya ɓata mini mafarkin. Amma ya nuna mini cewa duk cikawar da aka yi ba a toshe ramin ba, ba mu kaɗai aka cuta ba.

Na biyar. Na sa an kira ofishinku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An ce na'urar tana Yamai. An ce ta dawo amma wasu sun tafi aiki da ita. Wata mai zaƙin murya ta ce in dai sanyi ne matsalar za a turo a ƙara mana gaz, na ce a faɗa mata ba gaz nake nema ba. Ga shi sanyin ya sake fara ja da baya, kuma Malam Laminu ya gargaɗe ni cewa in gaz ɗin ya gama fita, mai hancin ba za ta sami abin sansanawa ba. Kwamitin ƙungiya kuma ya zauna, ba da faɗa ba, cikin mutunci, suka ce da zarar ruwan shuka ya sauka in miƙa wa wata makulli, don damina ce lokacin madara, ba sa son matan rugga su juya mana baya. Ban yi musu ba. Makulli ƙarfe ne, ba da shi aka haife ni ba. Amma in na miƙa shi a haka, na amsa ke nan abin da ban yi ba. Wani zai ce ai in gaz ya ci gaba da fita a hannun wata, na wanku. Na san garinmu, cewa za a yi na nuna mata hanya, kuma ni ba na son a wanke ni da sunan wata. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas da la'asar.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo. Ku turo mai aikinku da detekter kafin ruwa ya sauka, kuma kada ya ƙara gaz ko ɗigo sai ya nemo ramin ya like shi. In ta kama a yi gwajin azot, a kulle gidan madara a ba limamin gari makullin ya riƙe har a buɗe, ni in tafi gidan ƙanwata a Mayahi in zauna, don kada a ce inuwata ce ta taɓa allurar. Ku sa a rubuta a jikin kowane inji da kuka kafa a ƙasar nan, da Hausa, boko da ajami, cewa gaz ɗin ba ya ƙarewa, in ya ragu yoyo ne. Ku daina turo wa ƙauye mutumin da ba ya jin maganarsu shi kaɗai. In kuma da hali, ku bar irin na'urar nan ɗaya a Tasawa, don ba garinmu kaɗai ke da inji ba, kuma ban yi zaton ni kaɗai ce mai makullin da ake kallo ba.

Abu na ƙarshe, ku zo ranar kasuwa, da hantsi, tun matan rugga ba su watse ba. Ban nemi kowa ya ba ni haƙuri ba, ban nemi a bar mini makulli ba. Ba na son jawabi, ko da Faransanci ko da Hausa, na ga abin da jawabi ya yi mini. So nake na'urar nan ta yi kuka a gindin tiyo, mai riƙe da ita ya yi shiru, Malam Isufu ya yi shiru, ni ma in yi shiru. Kukanta ba ya buƙatar tafinta. Adama tana da kunne, za ta ji da kanta, sauran kuma tsakanina da ita ne.

Allah ya ƙara muku lafiya da buɗi, ya sa albarka a sana'arku, ya raya muku zuri'a, ya tsare ku daga zargin abin da ba ku aikata ba. Allah ya kawo ku lafiya ya mayar da ku lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ko da yake ni bana, Allah ya gafarta mini, gari duk na roƙon ruwa, ni kaɗai ce nake roƙon ya ɗan jira ku.

Wassalam.

Taku,
Rakiya, mai riƙon makullin gidan madara har zuwa saukar ruwa.